Sharhi: Matan da Ke Bayan Katangar Gidan Yari



Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan yari ranar ziyara, ko Kurmawa ce a birnin Kano ko waninta, ba zai rasa ganin mata a jere ba, kowace da kwanon abinci ɗaure cikin ɗankwali, wannan ta zo wa mijinta, waccan ɗanta, wata ƙanenta, suna jiran ganduroba ya kira su. Amma da wuya ya ga namiji tsaye da kwano ya ce matarsa ya zo dubawa. Alhali kuwa akwai mata a ciki, kuma a kansu sharhinmu na yau zai tsaya.

Mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya, waɗanda yanzu ake kira gidajen gyaran hali, sun kai kimanin 80,000, mata kuwa ba su wuce kamar biyu cikin ɗari ba. Mai hankali zai zaci ƙarancin nan zai sauƙaƙa kula da su, sai ga shi shi ne ya zama sanadin mantawa da su, domin gidajen da aka keɓe wa mata zalla, irin na Kirikiri a Legas da na Ondo da na Numan a Jihar Adamawa, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran matan kuwa sai a yanko musu wani lungu a gidan maza, a ja katanga, a sa ƙofa, a cikin gine-ginen da wasunsu tun farkon zamanin Turawa suke tsaye, waɗanda maginansu ba su taɓa kawo mace a rai ba, balle mai ciki, balle jariri.

To, jikin mace yana da lalurorin da ba ya dakatar da su don an rufe ta. Haila za ta zo mata a kan lokacinta, kuma idan babu audugar mata, babu sabulu, ruwan ma sai an auna shi da bokiti, to tsumma za ta nema, ta wanke, ta shanya a ɗakin da rana ba ta leƙa shi, ta sake ɗaurawa da danshinsa, daga nan ciwon sanyi da ƙaiƙayi su samu wurin zama. Mu da muka karanta babin tsarki tun muna ƙanana, muka san cewa wankan haila da na biƙi farilla ne wanda salla ba ta inganta sai da shi, ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan, domin wadda aka hana ruwa an taɓa lafiyarta, an kuma taɓa ibadarta.

Lamarin mai ciki ya fi wannan ɗaga hankali. Tana bukatar awo, da maganin ƙarin jini, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro wanda kan zubar da ciki ko ya shanye jinin uwa, ga shi kuma ɗakin shan maganin gidan yari sau da yawa bai wuce na ciwon kai da ɗaurin rauni ba. Naƙuda kuwa ba ta san an kulle ɗakuna da yamma ba, tsakar dare take zuwa, kuma kafin a buga ƙofa a ji, a nemo mai mabuɗi, a samu izini, a samo mota da ma'aikaciyar da za ta yi rakiya asibiti, wata ta riga ta durƙusa a hannun abokan zamanta. A gida, mai jego tana da wankan ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa, da gasasshen nama, da tsohuwa mai kula da ita har arba'in. A can kuwa gabza ce, ita ce ta ƙato, ita ce ta mai shayarwa. A 2024 gwamnati ta ƙara kuɗin ciyar da ɗaurarre daga naira 750 zuwa naira 1,125 a yini, an gode, amma kuɗin nan na ci uku ne, a cikinsa ɗan kwangila zai fid da ribarsa, kuma a lokacin da aka yi ƙarin bai isa sayen kwanon shinkafa ɗaya ba a kasuwa. Da wane jini za ta yi nono?

Jaririn nan da ke kwance a tabarma cikin cunkoso, yana shaƙar tarin manya, ƙazuwa da kuɗin cizo suna cin fatarsa, babu alƙalin da ya taɓa yanke masa hukunci. Hasali ma uwar tasa, mai yiwuwa ita ma ba a yanke mata ba, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, wasu don rashin mai tsaya musu beli, wasu don fayil ya kwanta a wani ofis. Wadda ma aka tabbatar wa laifi, ɗauri aka yanke mata, ba a yanke mata cuta ba, kuma duk abin da ya ƙaru bisa abin da alƙali ya furta, sunansa zalunci.

Ba doka aka rasa ba. Dokar gyaran hali ta 2019, a sashe na 34, ta wajabta a keɓe wa mata wurinsu a kowace jiha, a yi wa mace gwajin ciki cikin kwana 14 da shigarta, a tanadi awo da kayan tsabta da ɗakin renon jarirai. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, tun 2010, ta amince da ƙa'idoji 70 da ake kira Ƙa'idojin Bankok, waɗanda suka ce a ba da audugar mata kyauta, kada a sa wa mace ankwa tana naƙuda, kuma a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai goyo matuƙar laifin bai yi tsanani ba.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. Fiye da shekara 1,200 da suka wuce, Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya yi wa Halifa Haruna Rashid nasiha a Kitabul Kharaj cewa cin ɗaurarru da tufafinsu na sanyi da na zafi suna kan baitulmali, har ya ambaci na mata daban, da mayafinsu. Kafin shi kuma, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya mayar da matar nan Bagamidiya wadda ta kawo kanta a tsayar mata da haddi, sai ta haihu, da ta dawo ya sake mayar da ita sai ta yaye, saboda haƙƙin yaron da ba shi da laifi.

Gwamnonin jihohi ba su da sauran uzuri, domin gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba su ikon gina gidajen gyaran hali da gudanar da su, kuma akasarin ɗaurarrun dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa. Ungozoma ɗaya daga asibitin jiha, mai leƙawa sau biyu a mako, da rijiyar burtsatse a sashen mata, ba su kai kuɗin motar rakiyar babban mutum guda ba. Manyan jojin jihohi kuma, idan sun fita rangadin rage cunkoso, ina roƙonsu su fara da ɗakin masu goyo. An kuwa ga abin da kuɗi kaɗan kan yi, domin a ƙarshen 2023 an tara naira miliyan 585 don biyan tarar mutum 4,068 da talauci kaɗai ya riƙe. Hukumomin zakka da attajiranmu za su iya irin wannan duk azumi.

Amma abin da ya fi ci mini rai yana cikin gidajenmu. Namiji in ya shiga kurkuku, dangi kan ce ƙaddara ce, a yi karo-karo a ɗauki lauya. Mace in ta shiga, sai a ce ta jawo abin kunya, a daina ambaton sunanta, wani lokaci takardar saki ta riske ta a can, a gaya wa 'ya'yanta ta yi tafiya. A wurin da rabin rayuwar ɗaurarre ta dogara ga abin da ake miƙo masa daga waje, wadda dangi suka yanke ita ce ke kwana da zane ɗaya, ita ce ke wanke wa wasu kaya don a sam mata sabulu, kuma ita ce shari'arta kan shekara ba a kira ba, domin babu mai zuwa kotu ya tambayi rajistara ina aka kwana.