Daga Gidan Waya Zuwa Baƙin Allo

Jama'a, dattawan Nguru ba su manta da zamanin buga tangarahu ba, a garin da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta tuƙe tun 1930. A lokacin kowace kalma da kuɗinta, saboda haka ba a zuba zance. "Baba ba lafiya, zo" ya wadatar.

To, wannan dabara ba ta mutu ba. Ran 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis ya nufi aika kalmar LOGIN zuwa wata kwamfuta a cibiyar bincike ta Stanford. L da O kaɗai suka isa, na'ura ta cije. Daga nan intanet ta samo tushe.

Har wa yau, mai kwamfuta yana iya yin irin wannan ba tare da wata manhajar hira ba. Akwai ɗan shiri mai suna netcat. In kwamfutoci biyu suna kan layi ɗaya, sai mutum ya buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya buga nc -l 5000, watau ya kasa kunne a ƙofa ta 5000. Abokinsa kuwa ya buga nc, da lambar adireshin kwamfutar farko, da 5000. Duk abin da ɗaya ya rubuta, nan take ya bayyana gaban ɗayan.

Kada manomin Katuzu ya ce wannan ba ruwansa. Duk sa'ad da ya danna *310# don duba kuɗin wayarsa, lambar da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita a 2023, umarni ya aika, amsa ta dawo, ba ya bukatar data. Inda hoto ya kasa wucewa, gajeren rubutu yakan kutsa.

Amma fa a yi hattara. Saƙon netcat a buɗe yake tafiya, kamar wasiƙa ba ambulan. Kada a kuskura a sa lambar sirri ta banki a ciki.

Kirana ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013: ku koyi wannan tushe tukuna. Wanda ya iya harufa, shi ke gyara rubutun allo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.