A Gyara Fili Tun da Kaka Kafin a Shuka Luzan



Tun farin 1973 da na 1984 mun san cewa wanda ya dogara da ciyawar daji kaɗai, bazara za ta tilasta masa sayar da saniyarsa a wulaƙance. Shi ya sa muke goyon bayan masu son noma luzan, ciyawar da mutanen Sudan ke kira barsim, wadda masu lambu a Ayar da Bilma suka daɗe suna ba bisashensu. Amma ba a shuka ta kamar wake.

Luzan takan yi shekara uku zuwa huɗu a wuri guda ana yankanta. Saboda haka gyaran farko shi ne takarda. Filin aro, mai shi na iya karɓewa ranar da ya ga ya yi kore. A je wurin hakimi da hukumar filaye ta Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta. Kuma kada ɗan ƙungiyarmu ya shinge burtali ko mashaya da sunan noman ciyawa. Abin da muke kuka da shi ke nan idan manoma suka yi.

Sai ƙasa. Saiwarta tana nutsawa fiye da tsayin mutum, don haka tana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya. Kwarin fadama mai laka yana ruɓar da ita, wurin da kanwa ta fito fari kuma a bar shi. A yi huɗa mai zurfi, a farfasa hoge, a tsince kiri-kiri da aya-aya har saiwa, domin a watan farko luzan ba ta da ƙarfin kokawa da haki. Taki muna da shi a garke, sai dai ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanye yana zuwa da irin ciyayi. Ba ta buƙatar uriya sosai, fosfat ta fi so.

A daidaita fangali sarai, ruwa ya kai kowace kusurwa. Irin ƙanana ne kamar na riɗi: idan ya nutse fiye da santimita 2 fitowarsa takan yi wuya. Hekta guda tana cin wajen kilo 20.

Lokacin shuka shi ne shigowar sanyi, wajen watan Nuwamba. Wanda rijiyarsa ke ƙafewa a watan Afrilu, gara ya tsaya ga harawar wake.