Zancen gona: ku buɗe huren wake ku duba

A wannan wata za mu yi magana bisa hure tun bai buɗe ba.

Ku tsinko tohon huren yakuwa ku duba. Daga waje akwai riga mai kunnuwa 5, sun haɗu baki da baki, babu wanda ya hau wani. Daga ciki akwai ganyen hure 5, kowane ya ruhe gehen na kusa da shi, kamar naɗin tabarma. In hure ya hwaɗi, rigar nan ce ke yin kauri, ita ce mata ke shanyawa su yi soɓo. Huren kuɓewa da na auduga ma haka ganyensu ke naɗe.

Na wake dabam ne. Shi ma ganye 5 gare shi, amma babba guda ya lulluɓe biyu na gehe. Su kuma biyun sun ruhe wasu biyu da suka haɗe kamar kwalekwale. Can ciki namiji da macen hure suke. Barbara tana yiwuwa tun hure na ruhe, shi ya sa irin wake bai cika garwayuwa da na maƙwabci ba.

To, amma wannan ruhi da ke tsaron hure shi ne maɓoyar ɓarawo. Akwai ƴan ƙananan ƙwari baƙaƙe, tsawonsu bai wuce milimita 2 ba. Suna shiga tsakanin ganyen su tsotse toho. Akwai kuma tsutsa mai cin hure daga ciki. Sai toho ya bushe ya zube. Manomi ya ga ganye shar, yana murna, ranar roro ya samu harawa babu ɗiya.

Saboda haka, da wake ya soma hure, ku shiga gona da sassahe, lokacin da hure ke buɗe. Ku tsinki hure nan da can, ku ɓare shi, ku kakkaɓe bisa hwarin ƙyalle. In kun ga ƙwarin da yawa, ku gaya ma malamin gona tun da wuri. Jiƙon dakakkun ɗiyan bedi yana taimako, a tace a hesa da marece. Kada ku jira sai hure ya zube.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.