Awon albarushi ba abin tambayar TikTok ba ne

Duk mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi ya san abin da ke sa matasa leƙa bidiyon bindigogi a waya. Ƙananan hukumomin biyu suna cikin 13 da aka katse wa layin sadarwa a Katsina a watan Satumbar 2021 saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma har gobe akwai ƙauyukan da ba a barci da ido biyu. Wanda mahaifinsa mafarauci ne, ko yayansa ɗan sa-kai, zai so ya san wani abu. Matsalar ita ce wurin da yake ɗebo sanin.

Buɗe YouTube ka ga Ba'amurke zaune a gareji yana sake ɗura ƙwanson harsashi, kai ka ce yana dama kunu. Abin da kyamara ba ta nuna maka ba shi ne littafin da ke buɗe a gefensa. A can, mai hankali ba ya ƙirƙiro awo daga kansa. Kamfanoni irin su Hodgdon da Hornady da Lyman ne ke wallafa alƙaluman, bayan sun gwada su da na'urar auna matsin da ke tasowa cikin bututu lokacin harbi. Littafin Lyman kaɗai ya kai bugu na 51, domin kaya na canzawa, alƙaluma ma sai an sabunta su. Sama da su akwai SAAMI, wadda tun 1926 take tsara iyakar matsi a Amurka. A Turai kuwa akwai CIP tun 1914, inda ake gwada bindiga da matsin da ya wuce ƙa'ida kafin a buga mata hatimi a sayar.

To, wa ya gwada bindigar tokar da maƙeri ya haɗa da bututun ƙarfe? Babu kowa. Ke nan ko sahihin alƙalumman nan ba nata ba ne, balle wanda aka ɗauko hotonsa aka tura a gurup ɗin WhatsApp, ba sunan kamfani, ba kwanan wata, wataƙila ma an yanke rabin shafin. Masu ƙera bindigogin da ake ɗurawa ta baki suna gargaɗi da babbar murya cewa garin harsashin zamani yana iya tarwatsa su, domin matsinsa ya zarce na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Idan bututu ya fashe, hannu da fuskar mai riƙe da shi ne farkon abin da zai samu.

Ni a ganina, mafi haɗari yanzu su ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Mai bidiyo dai kana ganin fuskarsa. Manhaja kuwa tana iya jero maka lamba cikin tsabtatacciyar magana, babu ko ɗar, alhali jera kalmomi take yi, ba ta taɓa auna komai ba. In ta yi kuskure a farashin Tecno, 'yan kuɗi ka yi asara. Nan kuwa yatsu ne.

Kafin ka yarda da kowace lamba irin wannan, tambayi wa ya gwada, da wane kaya, kuma wa za a kama in ta yi ɓarna. In amsar ita ce wani mai sunan bogi da mabiya dubu ɗari, wuce kawai.

Sannan akwai doka, wadda Ba'amurken bidiyo bai san da ita ba. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba, ta kuma hana ƙera makami ba izini. Hotunan da ka adana a waya ma suna iya jawo maka dogon bayani a shingen bincike. Mai son kare garinsu yana da ƙofar da hukuma ta buɗe: rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktobar 2023, inda ake tantance mutum, a horar da shi, a san wanda ya ba shi abin da ke hannunsa.