Aikin Hannu: Sifirin Da Ya Ɓata

A watan jiya mun yi magana a kan wasa zarto. Yau kuwa zan ba ku labarin wani tsohon injin huda ƙarfe da muka gyara a nan Zagga, da ɗan abin da ya rasa, wanda bai fi tafin hannu faɗi ba, amma rashinsa ya kusa raba wani yaro da yatsa.

Injin na wani tsohon kafinta ne a unguwarmu. Da ya rasu, ya shekara da shekaru a zaure, kaji suna kwana a kansa. Matarsa ta ce in ɗauka yara su koyi sana'a da shi. Ɗan allon da ke jikinsa ya nuna a Ingila aka ƙera shi, nauyinsa kuwa sai da mutum uku suka ɗaga shi. Muka wanke shi da kananzir, muka goge tsatsa, muka sa masa sabon bel. Da muka tayar da shi sai ya yi ta juyawa lafiya lau. Gaskiyar Hausawa, da tsohuwar zuma ake magani.

Abu ɗaya ya rage. In ka ja hannun injin, tsinken huda ya sauka, ka saki, ba ya komawa sama. Na yi abin da mutane da yawa ke yi: na yanko robar tayar keke na ɗaure kan da ita. Ta yi aiki har mako uku. Ran nan ɗan yayata yana gyara zaman wani ƙarfe a ƙarƙashin tsinken, inji yana juyawa, sai robar ta tsinke. Kan ya faɗo, tsinken ya cafki ƙarfen ya juya da shi, ya tsage masa yatsa. Ya ce, "Kawu, ai ban taɓa kome ba!" Gaskiya ya faɗa. Laifina ne, ba nasa ba.

To, bari mu ga yadda abin yake. Hannun da ake ja yana haɗe da wata sanda da ta ratsa kan injin daga dama zuwa hagu. Sandar tana da haƙora, waɗanda suke cizon haƙoran bututun nan mai hawa da sauka da tsinken. A ƙarshen sandar ta hagu akwai wani ƙoƙon ƙarfe. A cikinsa ake naɗe sifirin mai faɗi kamar tef ɗin awo, irin na agogon bango na dā da ake yi wa wani da makulli. Bakinsa na ciki yana shiga wata tsaga a jikin sandar, na waje kuma yana kama ƙoƙon. In ka ja hannu ƙasa, sifirin ya ƙara naɗuwa. In ka saki, ya warware ya ɗaga bututun. Da na buɗe ƙoƙon namu, sai na tarar ba kome ciki sai gidan zanzaro.

Na sa cigiya a Jega, na kuma roƙi wani ɗan kasuwa mai zuwa Malanbil a ƙasar Benin ya duba mini. Ba a dace ba. Wani dattijo mai gyaran injin ban ruwa a Bagudo ne ya warware mini matsalar. Ya ce, "Malam, abin da kake nema a wata ƙasa ga shi nan ƙarƙashin tebur ɗina." Ashe sifirin da ke mayar da igiyar tayar da injin ban ruwa ɗan'uwan wannan ne. Tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Jihar Kabi, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka buɗe a Birnin Kabi a 2015, ba garin da ke bakin Kwara da za ka rasa matattun injuna a wurin masu gyara.

Amma ba kowane ne zai yi ba. Na ƙaramin janareto da muka fara gwadawa ya yi laushi, bai iya ɗaga bututun ba. Sai da muka sami na babban inji. A lura da abu uku: kada faɗinsa ya wuce zurfin ƙoƙon, ya kasance da kauri, kuma ba tsatsa ko tsagewa a jikinsa. Ya fi tsawon da ake bukata, sai a rage shi. A sani kuma, gajeren sifirin ya fi dogo tauri.

Wurin lanƙwasa bakin ne aikin yake. Ƙarfen sifirin in ka lanƙwasa shi da sanyi, karyewa yake yi. Muka kai wa maƙeri. Ya naɗe jikin da jiƙaƙƙen tsumma, ya riƙe da awartaki, ya sa kamar inci 1 na bakin a wuta har ya yi ja, ya lanƙwasa, ya tura cikin toka ya huce a hankali. Kada a tsoma shi a ruwa, zai yi gautsi. Kada kuma wuta ta ci jikin, gama inda ta ci ya rasa ƙarfinsa ke nan.

Ga yadda ake sa shi. A kashe janareto, a cire waya. A tokare bututun da katako don kada ya faɗo. A duba inda sandar take juyawa in an ja hannu, a zana da alli, domin in aka sa sifirin baibai zai buɗe maimakon ya naɗu. A naɗe shi cikin ƙoƙon da safar hannu, a kāre idanu, yara su matsa nesa, gama in ya kuɓuce bulala ce mai kaifi. A sa masa ɗan giris. Sa'an nan a juya ƙoƙon tsaga ɗaya ɗaya, ana gwadawa, har bututun ya koma sama da kansa ba tare da ya buga da ƙarfi ba. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya bayyana a 1678 cewa gwargwadon yadda ka matsa sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai mayar maka. Amma yana da iyaka. In ka wuce ta, ba ya komawa yadda yake. Saboda haka kada a cika shi.

Noti biyu ne ke riƙe ƙoƙon. A ɗaura na fari har ya taɓa shi, a sassauta kaɗan, sa'an nan a ƙulle da na biyu. A adana su da kyau. Zaren tsofaffin injunan Ingila na awon inci ne, mu kuwa mun koma awon mita tun shekarun 1970, notin kasuwa ba lalle ya shiga ba. In an tilasta shi, sai ya cinye zaren sandar.

Wanda bai sami sifirin ba, akwai dabarar da masu ƙera manyan injunan dā suka yi: a rataya ƙarfe mai nauyi da sarƙa a bisa gargare a bayan injin, nauyinsa ya riƙa jan bututun sama. Wannan ya fi roba nesa, domin rana ba ta cinsa.

Yatsan yaron ya warke, sai tabo. Yanzu muna da doka biyu: ba a riƙe ƙarfe da hannu a huda shi, sai an matse shi a tebur, ba a kuma gyara zamansa inji yana juyawa. Iyaye, in ɗanku yana koyon sana'a wurin kafinta ko mai walda, ku leƙa wata rana. Ku ja hannun injin ku saki. In bai koma sama da kansa ba, ko kuka ga an ɗaure shi da roba, ku yi wa maigidan magana cikin ladabi. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, za mu duba yadda ake wasa tsinken huda.