Kimiyya a Sauƙaƙe: Yunwar Harafi Ɗaya

Duk wanda ya kwana a Baturiya da damina ya san ruwan fadamar Haɗeja ba tsuntsaye kaɗai yake tarawa ba, har da sauro. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida wata-wata, suna bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ko kun san yadda yake aiki?

Malamin Bayoloji ya koya muku cewa DNA rubutu ne mai haruffa huɗu: A, T, G da C. Ita T sunanta taimin. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun gaba ɗaya, kuma ba ta iya ƙera T sai da sinadarin folet.

A 1954, Seymour Cohen da Hazel Barner na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun hana wasu ƙwayoyin bakteriya taimin. Maimakon su dakata su jira, sai suka ci gaba da girma, sannan suka mutu. Daga baya masana sun gano wani ɓangare na dalilin. In babu T, ƙwayar kan cusa harafin U a gurbinta. Sinadaran gyara su zo su yanke U, amma babu T da za su cike gurbin. A yi ta yankewa har zaren kuromozom ya tsinke.

Wannan yunwar ce sinadarin firimetamin da ke cikin maganin yaran yake saka wa ƙwayar maleriya. Yana toshe mata hanyar sarrafa folet, kuma ya fi kama tata hanyar nesa ba kusa ba fiye da tamu.

Mu ma yunwar na iya kama mu. In folet ya yi ƙaranci a abinci, ɓargon ƙashi ya kasa ƙera lafiyayyun ƙwayoyin jini, sai ƙarancin jini da kasala su biyo baya. Wake, gyaɗa, alayyahu da hanta duk suna da folet, amma dafa ganye har ya narke na rage shi.

Aikin gida: idan masu magani sun zo, ku taimaka wa iyaye su tabbatar ƙannenku sun shanye na kwana uku cif. Sai mako mai zuwa.