Idan Mai Riƙon Littafin Shago Ya Tafi Jami'a

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB da jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, akan sami wani sauyi a kasuwannin da Hausawa ke hada-hada a kudancin ƙasar nan, wanda babu hukumar ƙididdigar da ke auna shi. Daga Mile 12 da Agege a Legas, zuwa Sabon Ibadan da Shagamu, har kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, za ka tarar da magidancin da jiya-jiya yake da mai karanta masa saƙon banki, mai rubuta masa bashi, mai tsare masa shago idan ya tafi masallaci ko tarbar kaya, yau kuwa ya wayi gari babu shi. An yi addu'a, an ɗora akwati a mota, yaro ya nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri.

Yawancin abin da ake faɗa game da wannan hali magana ce ta kewa, kuma ko shakka babu akwai kewar. Sai dai a gidan ɗan kasuwa abubuwa biyu ne ke aukuwa a rana guda. Ma'aikacin da ba a taɓa biyansa albashi ba ya bar aiki, sannan an buɗe wata sabuwar ƙofar kashe kuɗi da ba za ta rufe ba sai bayan shekara 4, ko 5 ga mai karatun injiniya ko lauya, ko 6 ga mai karatun likita. Abin mamaki shi ne, mutanen da suka ƙware wajen lissafin kuɗin mota da la'ada da asarar da ruɓewar tumatir ke jawowa a hanya, ba kasafai suke zama su yi wa wannan al'amari lissafi ba. Sai a ce ai hidimar ɗa ce, Allah zai hore. Allah kuwa yana horewa, amma hakan bai hana a ɗauki alƙalami ba.

Mu fara da aikin da aka bari babu mai yi. Tun ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar 2023, ciniki mai yawa ya koma kan wayar hannu da na'urar POS, har a wuraren da a da ba a san komai ba sai tsabar kuɗi. A shaguna da dama, yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare shi ne ya zama bankin gidan: shi ya san lambar sirri, shi ke tantance saƙon shigar kuɗi na gaskiya da na bogi, shi ke tura kuɗi ga masu lodi a Arewa. Da ya tafi, sai ka ga maigida ya ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, kuma dukkansu ba su da kyau. Ko dai ya riƙa buga wa yaron waya yana tsakiyar ɗaukar darasi domin ya duba masa ko kuɗi sun shigo, ko kuwa ya miƙa wayarsa da sirrinta ga duk yaron da ya fi kusa da shi a layin. A ganina mutumin da ke iya riƙe lissafin tirela guda ta albasa a ka, ba abin da zai gagare shi a cikin wayarsa idan ya ba abin mako biyu kafin yaron ya tafi. Girman kai ne kawai ke hana dattijo ya zauna ɗansa ya koya masa.

Sauran aikin, watau zaman shago da aike da bin bashi, sai an ɗauki mutum, kuma sai an biya shi. A nan ya kamata mu dubi maƙwabtanmu Ibo a kasuwannin Anaca da Aba da Alaba. Idan ɗan kasuwa ya ɗauki yaro, akan yanka shekarun da zai yi, kuma kowa ya san cewa a ƙarshensu za a sallame shi da jari. Mu kuwa sau da yawa yaron gida yakan shiga ne ba wa'adi, ba a faɗi abin da zai samu ba, sai abin da maigida ya ga dama. Wannan tsari ya riƙe fataucin goro da shanu shekaru aru-aru, ba kuma raina shi nake yi ba, amma ya dogara ne ga dangantaka da sanayyar da ba kullum ake samunsu ba a Legas ta yau. Wanda zai maye gurbin ɗanka a gaban akwatin kuɗi, gara ya san iyakarsa da ladansa tun ranar farko.

Akwai kuma wadda ba a cika sa ta cikin lissafi ba, ita ce uwar. Masu binciken da suka yi nazarin tattalin arzikin Kano a shekarun 1970 sun nuna yadda sana'ar matan da ke cikin gida ta dogara kacokan ga yara, domin su ne ƙafafunta. Har yau haka abin yake, illa dai tiren talla ya sami abokin aiki: 'yar gidan ce ke ɗaukar hoton atamfa da turaren wuta ta sa a WhatsApp, ita ke karɓar oda, ita ke sallamar mai babur. Ranar da ta tafi jami'a, cinikin uwar yakan faɗi a daidai lokacin da adashinta ne za a fara taɓawa domin sayen katifa da risho da kayan abinci. Maigidan da ya nemo wa shagonsa yaro, ya bar sana'ar cikin gida ta mutu, ya rufe wata hanyar shigar kuɗi ne da hannunsa, ya kuma bar uwar da gida shiru da hannu babu aiki.

Sai batun kashe kuɗi. Iyayen da suka girma suna jin labarin jami'ar da ake ciyar da ɗalibi kaza ya kamata su sani cewa wancan zamani ya wuce. A shekarar 1978, ƙarin kwabo 50 kacal a kan kuɗin abinci na yini, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2, shi ya haddasa zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. Yau ɗalibi shi ke ciyar da kansa. A shekarar 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗaɗen rajista. Jami'ar Legas, alal misali, ta sanar da ɗaga nata daga kimanin Naira 19,000 zuwa har Naira 190,250 ga wasu fannoni, kafin ta ɗan rage bayan ɗalibai sun yi bore. A waccan shekarar ce kuma, ranar 29 ga watan Mayu, aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Ga mazaunin Kano wanda ɗansa ke karatu a Bayero wannan ƙarin kuɗin adaidaita ne. Ga mazaunin Legas kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, zuwa da dawowa, a kowane hutu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, kuma ko da saurin tashin ya ragu daga baya, farashin bai koma inda ya fito ba.

Babban haɗarin shi ne inda ake zaro kuɗin. Ƙananan 'yan kasuwarmu da yawa aljihu ɗaya gare su, nan riba take, nan uwar kuɗi take, nan cefane yake. A ɗauka mutum yana da jarin Naira miliyan 5, ribar da yake samu kuma gida ne ke cinye ta. Idan ya riƙa zarar Naira dubu 100 a kowane wata domin ɗalibi, a shekara ya zari miliyan 1.2, a shekara 4 kuwa miliyan 4.8. Ba zai ji zafin abin ba a watan farko ko na biyar, sai dai ya lura buhunan da yake sarowa suna raguwa, ya ɗora wa kasuwa laifi. Maganin abin ba boyayye ba ne: a buɗe wa karatun asusu dabam, a yanka masa kaso daga riba a kowane mako kamar yadda ake zubin adashi, a kuma ƙudurta cewa jari ba ya shiga ciki.

A nan ne nake ganin wasu iyaye suna cutar kansu da ƙyamar lamunin karatu na gwamnati. Dokar da aka sanya wa hannu a watan Afrilu na 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Rancen ba shi da ruwa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, yana ba ɗalibin da ya nema Naira dubu 20 a wata, kuma ba a fara biya sai shekara 2 bayan yi wa ƙasa hidima, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu. Dokar ta kuma soke sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi da ke cikin ta 2023. An yi ƙorafe-ƙorafe a kan jinkiri, kuma dubu 20 ba ta ciyar da saurayi wata guda, wannan duk gaskiya ne. Amma a tuna cewa a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Ɗan kasuwar da ya ƙi kuɗi marasa ruwa don kada a ce ɗan Alhaji ya ci bashi, sannan ya je ya karɓi kaya bashi da tsada saboda jarinsa ya zube, ya sayi kunya da tsadar gaske.

Kazalika duk wanda zai yi kasafin shekara 4 ya ƙara ta biyar. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022. Mai gidan haya a Samaru bai san yajin aiki ba, shekararsa yake ƙirgawa.

Na ce a farko akwai kewa, to a nan ne ita da lissafi suke haɗuwa. Al'adarmu ta alkunya, musamman ga ɗan fari wanda wasu iyayen ko sunansa ba sa kama wa, ba ta bar wa uba hanyar cewa ya yi kewar ɗansa ba. Hanyar da ta rage masa ita ce kuɗi. Shi ya sa a gidaje da yawa wayar da ke tsakanin uba da ɗalibi ba ta wuce kalmomi kaɗan: yaro ya kira ya yi gaisuwa mai tsawo, uba ya gane inda aka dosa, ya yi faɗa a kan almubazzaranci, sannan ya tura. A hankali sai uban ya fara jin faɗuwar gaba idan ya ga lambar ɗansa, yaron kuma ya daina kira sai ta ƙure masa. Idan da an yanka abin da za a riƙa turawa da ranar da za a tura, kowa ya sani, da wayar ta kuɓuta daga roƙo. Sai a iya tambayarsa wane malami ne ya fi tsanani, da wa yake kwana a ɗaki, yana samun jam'i ko kuwa. Ɗalibin ma zai koyi tattala abin da ke hannunsa har ƙarshen wata, wanda darasi ne da ba a koyarwa a aji.

Akwai wata magana kuma da iyaye ke haɗiyewa har shekarun su ƙare, watau ko yaron zai dawo shago ko ba zai dawo ba. Wani uban yana fatan ya dawo ya gaje shi, amma yana jin nauyin faɗa don kada a ce ya raina digiri. Wani kuma ya tura shi ne musamman don kada ya yi rayuwar rana da ƙura irin tasa, alhali yaron yana sha'awar harkar. Dogon hutu shi ne lokacin gwada wannan. A ba shi littafin shagon ya duba, a nuna masa wa ake bi, wa ke bi, nawa aka saro, nawa ya lalace, a kuma biya shi ladan aikin kamar yadda za a biya akanta na waje. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, kuma ɗalibin da ya yi shekara 2 yana karatun kasuwanci ko lissafin kuɗi zai iya tsayawa a kan takardun kafin hutu ya ƙare.